Zoben da Ya Ƙi Rufewa

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wadda ta daɗe ba ta yi ba, kuma ta san da laifinta. Ya jikinki, ya ƙafar maigidanki Baffa? Baba ya ce ya fara zagaya unguwa da sanda. Allah ya ƙara sauƙi.

Idan ba ki gane rubutun ba, kakana da mahaifinki wa da ƙane ne. Ni ce yarinyar da kika taɓa kamawa a ƙarƙashin teburinki tana warware miki zare. Yanzu ma'aikaciyar jinya ce ni a ɗakin tiyata. Ni nake miƙa wa likita kayan aiki, ni nake zura masa zare a allura, wani zaren bai fi gashin kai kauri ba.

Watannin baya ƙofar gilashi ta fashe a hannuna na hagu, ta yanke jijiyar yatsan tsakiya da na kusa da shi. An ɗinke, ciwon ya warke, amma yatsun sun yi nauyi. Nan gaba kaɗan kwamitin asibiti zai gwada hannun. In ya ci, in koma tiyata. In bai ci ba, a kai ni ɗakin kati, in ƙarasa shekarun aikina ina neman fayil ɗin mutane. Ba raina aikin kati nake yi ba, Gwaggo, sai dai ba shi na koya ba.

Mai gashin ƙashi ya ba ni ƙwallon roba ina matsawa safe da yamma. Ya ce ƙarfi ya fara dawowa, saura aikin da zai koya wa yatsun ladabi. Sai na tuna 'yan faya-fayan leshin nan da kike ƙullawa da 'yar ƙoshiya, waɗanda ba su fi murfin kwalba faɗi ba. Baba ya ce kunnenki ba ya ɗaukar magana a waya, shi ya sa na rubuto. Za ki koya mini ta takarda?

Ɗiyarki

*

Ɗiyata,

Wa alaikumus salam. Lafiya muke. Ƙafar Baffanki ta yi sauƙi, bakinsa ne har yanzu ba a samo masa magani ba. Tun da ya ajiye tuƙin bas ni kaɗai ce fasinjarsa. Na tuna ki sarai, kuma zaren nan bai sake komawa daidai ba.

Na ji abin da ya same ki. Ba zan cika takarda da jaje ba, na san an cika miki kunne da shi.

A cikin ƙunshin nan akwai ƙoshiya, na riga na naɗa miki zare a cikinta, mai ɗan kauri, irin na masu koyo. Akwai kuma faifai ɗaya da na gama, don ki ga inda za ki. Irinsu nake kai wa mai kantin kayan wasa, yana ɗora su a kan teburan gidajen 'yar tsana. In kin dube shi da kyau za ki ga zobba ne kawai aka jera, kowane ya kama kunnen ɗan'uwansa. Wanda ya iya zobe ɗaya ya iya sana'ar.

Ki kama bakin zaren tsakanin babban yatsa da manuni na hagu. Ki zagaya da shi ta bayan sauran yatsun, ki dawo ki haɗe inda kika fara, ya zama da'ira a hannunki. Ki ɗaga yatsan tsakiya ya miƙe zaren. Da hannun dama ki tura ƙoshiya ta ƙarƙashin zaren, ki dawo da ita ta sama, ki ja. Rabin ƙulli ke nan. Sai ki tura ta sama, ki dawo ta ƙasa, ki ja. Biyun su ne ƙulli ɗaya. Ki yi huɗu, ki bar 'yar tazara, ita ce za ta zama kunne, ki sake huɗu, haka har sau huɗu. Daga nan ki zare yatsunki, ki ja zaren ƙoshiya. Da'irar za ta tsuke da kanta ta zama zobe.

Ki bi shi layi-layi. Rabin rayuwata na yi ina gyaran rubutun mutane a maɗaba'a, ba a taɓa dawo da littafi an ce layi ya faɗi a hannuna ba. Kada ma ki ɗauke shi da zafi. Jikar maƙwabciyarmu, haƙoranta na gaba ko gama fitowa ba su yi ba, a yini ɗaya ta rufe zobenta na farko.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Ina fata kuna lafiya, ke fasinja da direbanki. Saƙo ya iso, na gode ƙwarai. Faifan yana kan tagata a ƙarƙashin kofin gilashi, don kada iska ta ɗauke shi. Ƙawata da muke ɗaki ɗaya ta rantse ba hannu ne ya yi shi ba.

Na bi takardarki layi-layi. Ƙulli yana fita, kunnuwa suna fita. Amma in na zare yatsuna na ja zaren ƙoshiya, ba ya motsi. Kamar an zuba masa siminti. Na ja a hankali, na ja da ƙarfi, sau biyu zaren ya tsinke. Na yanke na sake, na yanke na sake, har kwandon shara ya fara kama da na tela.

A yanzu an ajiye ni a ɗakin wanke kayan aiki kafin ranar gwaji. Ina lissafa almakasai, ina jin ƙarar keken marasa lafiya yana wucewa zuwa tiyata ba tare da ni ba. Lokacin hutu nake fito da ƙoshiyar. Mai gashin ƙashi ya gan ni da ita, ya ce shi dai bai san kan abin ba, amma in ci gaba.

Me nake yi ba daidai ba? Ko dai yatsan ne ba ya miƙe zaren yadda ya kamata?

Ɗiyarki

*

Ɗiyata,

Muna lafiya, Baffanki yana gaishe ki. Ya ce in gaya miki mota ma ba ta tashi a bugun farko.

Ban taɓa ganin zoben da ya ƙi rufewa ba in an bi ƙa'ida. Tun da kin ambaci yatsan, wataƙila nan ne. Ki ƙara riƙe zaren da kyau, kada ki bari ya yi sako-sako ko kaɗan. Ki sake karanta takardata ta farko, komai yana ciki. Hannu mai lafiya ba ya ɗaukar mako a kan wannan, naki kuwa sai a yi masa uzuri.

Gwaggonki

*

Ɗiyata,

Shiru. Wata ya wuce, wani ya kama hanya. Na aika Baffanki gidan waya har ma'aikatan sun fara ajiye masa kujera. Na rubuta wa babanki, ya ce lafiyarki ƙalau, kina zuwa aiki, ba ki dai son magana.

Ban san ko zobe ya rufe kin shagala ba ne, ko zare ne ya ƙare. Ga wani na ƙara miki. In kuma wani abu na faɗa, ki nuna mini layin. Na saba a nuna mini layi.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Ki yafe mini shirun. Lafiyata lau, ina fata ku ma haka.

Ba ki faɗi komai ba sai gaskiya. Na riƙe zaren kamar yadda kika ce, na riƙe har yatsan ya kumbura, mai gashin ƙashi ya hana ni ƙwallon roba na 'yan kwanaki. Ban rufe ko ɗaya ba.

Na zauna na yi lissafi da kaina ba tare da son rai ba, yadda ake koya mana mu duba mara lafiya. Yarinyar da ba ta gama haƙori ba ta yi shi a yini ɗaya. Hannu mai lafiya ba ya kai mako. Ni na ci wata biyu. To, hannun da ya kasa abin da yarinya ta yi da zaren ɗinki, ba ni da haƙƙin in kai shi kusa da cikin mutum a buɗe. Gara in sani a ɗakina da in sani a gaban kwamiti, gara kuma in sani a gaban kwamiti da in sani a kan gadon tiyata.

Na rubuta takarda na kai wa Shugabar ma'aikatan jinya, na ce a mayar da ni ɗakin kati ba sai an wahalar da kowa da gwaji ba. Ta tambaye ni ko na yi shawara da wani. Na ce na yi gwajina da kaina. Ta dube ni ta saman tabarau, ta sa takardar a tiren da ke kan teburinta.

Ga ƙoshiyarki na dawo miki da ita, da ragowar zaren. Na haɗa da kaɗan daga cikin zobban da suka ƙi, don ki ga ba ƙyuya na yi ba. Faifan dai na riƙe.

Ɗiyarki

*

Ɗiyata,

Gaisuwa a taƙaice, muna lafiya. Ki karanta wannan kafin ki cire takalmi.

Na sa zobbanki a ƙarƙashin gilashin da nake duba ƙananan haruffa da shi. Ƙullinki ƙanana ne, kansu ɗaya, tazararsu ɗaya, kamar an jera su a injin ɗab'i. Kunnuwan ma tsawonsu ɗaya, abin da ni sai da na shekara kafin na samu. Hannun da ya yi wannan ba mataccen hannu ba ne. Amma kowane ƙulli yana zaune a kan zaren da ba nasa ba. Zaren ƙoshiya ne ya naɗe na hannu. Kamata ya yi na hannu ya naɗe na ƙoshiya, shi kuma na ƙoshiya ya zauna miƙe a ciki yana zamewa. Shi ya sa naki ba ya motsi. Ko wa ya ja shi ba zai rufe ba.

Sai na rasa ta yaya kika yi haka alhali kin bi takardata. A maɗaba'a in ana shakkar shafi, ɗaya yana karantawa da ƙarfi, ɗaya yana bi. Na ajiye kwafin wasiƙar, don haka na zaunar da Baffanki, na ɗaura masa zare a waɗannan yatsun nasa masu kama da sitiyari, na karanta masa layi-layi. Ya yi ƙorafi, ya ce shi da ya tuƙa mutum sittin a mota ɗaya yau an mayar da shi ɗan koyon saƙa. Ya dai yi. Ƙullinsa munana, amma da ya ja, zobe ya ƙi. Irin ƙin naki sak.

Ya ce in karɓa in yi a hankali yana kallo. Na yi, ya rufe. Na sake, ya rufe. A na uku ya ce, "Tsaya. Ke fa kina sauke wannan yatsan."

Na ce ba na saukewa. Ya ce kina saukewa. Na ce tun kafin ya san hanyar gidanmu nake wannan aikin, na fi shi sanin abin da yatsana yake yi. Sai ya sa hannu ya tallafe yatsan nawa ta ƙasa, ya ce to yi mu gani. Ɗiyata, na kasa. Ƙullina ya fito irin naki.

Ga layin da ya faɗi. Bayan kin dawo da ƙoshiya, kafin ki ja, sai ki sauke yatsan tsakiya, zaren hagu ya saki gaba ɗaya. Sannan hannun dama ya ja nasa ya miƙe tsaf. A wannan lokacin ƙullin yake tsallakawa daga wannan zaren zuwa wancan. Sai ki ɗaga yatsan a hankali ya zaunar da shi. Bayan kowane ƙulli ki ɗan ja zaren ƙoshiya. In ya zame, kin yi daidai. In ya ƙi, ki warware nan take.

Abin bai kai ƙiftawar ido ba, kuma hannuna yana yinsa tun ban san yana yi ba. Duk wanda na koya wa a gabana yake zaune. Jikar maƙwabciyar nan a kan cinyata ta koya, idonta a kan yatsuna. Ba ta taɓa karanta layi ɗaya nawa ba. Ke ce ta farko da na koya wa ta takarda, na bar miki rami a tsakiyar shafi, da kika faɗa kuma na ce ki ƙara riƙewa.

Ban ce hannunki zai ci gwajin kwamiti ba. Wannan ban sani ba, ba fannina ba ne. Abin da na sani shi ne gwajin da kika yi wa kanki ba gwaji ba ne, don ko Shugabarku da yatsunta goma lafiyayyu faɗuwa za ta yi. Ga ƙoshiyar na mayar miki. Ki je ki karɓo takardarki.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina gaida Baffa gaisuwa ta musamman. Ki ce masa in ya gaji da zama akwai gurbin mai duba aiki a asibitinmu.

Ban cire takalmin ba. Amma kada ki ɗauka nan take ya rufe. Watanni na yi ina koya wa yatsan nan riƙewa, ashe saki ya fi masa wuya. In na ce ya sauka sai ya tsaya a rabi yana rawa, kamar mai tsoron a ƙwace masa wani abu. Kwana da kwanaki ina fama. Ranar da abin ya faru ina zaune a bencin bayan ɗakin wanke kaya. Na sauke, na ja, sai na ji wani ɗan motsi a zaren, na ga ƙullin ya koma ɗaya gefen. Na ja zaren ƙoshiya ya zame. Na gama jerin ina gwada kowane ƙulli, na zare yatsuna, na ja. Ya tsuke har bakinsa ya haɗu. Mai shara tana wucewa ta tambaye ni ko lafiya, na ce mata lafiya lau, zobe ne.

Na je wurin Shugaba. Ta ce takardar ta bar tirenta tuni, ta hau sama, an ma sa sunana a jerin ɗakin kati daga farkon wata. Na ce ina so in janye. Ta ce asibiti ba kasuwa ba ce da za a saya a mayar. Na ce na sani, amma kuskure na yi a gwajin. Ta ce in je in gaya wa sakataren gudanarwa haka, in ya yarda ya gan ni.

Bai yarda ba. Kullum yana taro. Sai na mayar da bencin ƙofarsa wurin hutuna. Ina zuwa da ƙoshiyata in zauna, in ya fito in miƙe in gaishe shi, in ya wuce in koma in zauna. A wannan bencin na koyi haɗa zobe da kunnen zobe. Da ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, ya kira ni ciki ya buɗe fayil. Ya ce canjin wurin aiki ya riga ya zauna, ba zai taɓa shi ba. Amma ranar gwajin tana nan, don babu wanda ya tuna ya soke ta. In na je na ci, kwamiti yana da ikon da shi ba shi da shi. In na faɗi, kada in sake zama masa a ƙofa.

Na ce na yarda. Na fara aiki a ɗakin kati, ina jiran ranar.

Ga faifaina na farko. Zobba shida ne, ɗaya ya fi sauran ƙiba, kuma ya ƙi kwanciya sai na danne shi da littafi. Kada ki sa shi a ƙarƙashin gilashin nan naki.

Ɗiyarki

*

Ɗiyata,

Lafiya muke. Na sa shi a ƙarƙashin gilashin. Zobe na huɗu ƙulli ɗaya ya yi yawa, kuma kin ja na ƙarshe da fushi. Sauran ba ni da abin cewa. Ki jiƙa shi, ki kafe kunnuwan da allurai a kan kwali, ya bushe a haka, zai kwanta.

Ranar gwaji ki ci abinci kafin ki shiga. Ki rubuto ko me aka ce, kada ki sake yi mini shiru.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Ina fata kuna lafiya. Ga labari yadda yake, ba ƙari.

Mutum uku ne a kwamitin, da Shugaba a gefe. Suka sa na jera kayan aiki, na miƙa, na karɓa, na buɗe almakashin kama jijiya da hannun hagu na rufe. Duk na yi. Da aka zo zura zare, na zura manya da matsakaita. Mafi sirantar ya kufce mini sau biyu, sai a na uku ya shiga. Babban cikinsu ya rubuta wani abu mai tsawo.

Ba su mayar da ni babban ɗakin tiyata ba. Sun ba ni ƙaramin, inda ake ƙananan ayyuka, na wata shida, sannan a sake dubawa. Na so fiye da haka. Na kuma san zaren nan sau biyu ya kufce, a gabana aka yi. Na sayi irinsa, ina zura shi kowace safiya kafin in fita.

Jiya na shiga. Likitan da aka haɗa ni da shi tsoho ne mai gajen haƙuri, duk asibitin an san shi. Ƙari ne za a cire wa wani mutum a bayan kafaɗa. Aiki ya yi nisa, ya miƙo hannu bai ɗago kai ba, ya nemi allura. Na ɗan tsaya ina gyara mata zama a bakin almakashi.

Ya ce, "Sista, yau za ki ba ni ko sai gobe?"

Na sa masa a hannu, ya ci gaba da ɗinki. Tun ranar da gilashin nan ya fashe, kowa a asibitin nan da lallashi yake mini magana, har masu gadi. Shi ko kallon hannun bai yi ba. Kafin a gama ya sake yi mini faɗa sau biyu, ɗaya ma ba laifina ba ne. Da muka fito yana wanke hannu, ya ce wa Shugaba gobe yana da aiki huɗu, a turo masa ni da wuri, kuma a gaya mini ba ya son jira.

Ki gaida Baffa. Zan tsaya nan, da sassafe zan fita.

Ɗiyarki